Murar da Ta Shiga Ɗakin Zomayenmu

Sa'ad da kwamitin wannan mujalla ya roƙe mu mu rubuta rahoton Ƙungiyar Matasa Manoma kamar yadda aka saba kowace shekara, niyyarmu ita ce mu lissafta buhunan masara da kwandunan tumatir, mu sa hannu, mu huta. Amma ɗaliban ƙungiya suka ce ba su yarda ba. Suka ce tun da yake duk makaranta ta ga ramin da muka haƙa a bayan gona a watan Janairu na 2024, kuma har yau ƙananan yara suna tambayar abin da aka binne a ciki, ya kamata a faɗi labarin yadda ya faru. Mun ga gaskiyarsu. Ga shi kuwa za mu faɗa, har da wuraren da bakinmu ba ya son taɓawa.

Mun fara kiwon zomaye a wannan makaranta a 2019, da mata uku da namiji ɗaya waɗanda wani tsohon ɗalibi ya ba mu kyauta. Zomanya takan ɗauki ciki kwana 31 ko kusa da haka, don haka ba a daɗe ba kejin farko ya yi mana kaɗan. Muna sayarwa suna ƙaruwa, har a farkon Disamba na 2023 muka ƙirga guda 41. Da kuɗinsu muke sayen iri da taki, kuma ƙungiya ta yi alkawari cewa kowace shekara za ta biya wa mambobinta biyu kuɗin jarrabawar fita, waɗanda iyayensu ba su da hali. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa, amma namu zomayen ba gudu ake yi musu ba, shara ce da yankan ciyawa safe da yamma.

Yana da kyau mu tuna wa mai karatu cewa zomon gida dabam yake da zomon daji na tatsuniya. Na daji ana haifarsa da gashi, ido buɗe. Na gida, wanda asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne, ana haifarsa tsirara, ba ya buɗe ido sai bayan kwana 10 ko kusa da haka. A ƙasarsu ta asali cikin rami suke kwana, inda babu ƙura mai tashi, babu kuma zafin rana. Mu ne muka ɗauko su muka sa a keji, saboda haka iskar da za su shaƙa ma a hannunmu take.

Ko da yake don sayarwa muke kiwonsu, ba a hana yara sa musu suna ba. Akwai Bature, akwai Gajere, akwai Maikunne. Wadda ta fi kowa farin jini ita ce Sarauniya, fara fat mai jan ido, irin waɗanda ake kira farin Niyu Zilan, ko da yake a Amurka aka fitar da irin. Wata yarinya 'yar aji biyar ce ke lura da ita tun ranar da aka yaye ta. Idan yarinyar ta doso ɗakin da ganyen dankali, tun daga nesa Sarauniya takan miƙe a kan ƙafafunta na baya.

Kuskurenmu na farko mun yi shi ne a kasuwa. Mun ga wani ƙaton namiji mai launin toka, kuɗinsa kuma da sauƙi, sai muka ce bari mu sabunta jini. Mun duba idonsa da kunnensa ba mu ga kome ba. Da yamma muka sa shi a kejin da ke tsakiyar sauran, kafin mako ya ƙare kuma muka kai masa mata huɗu.

Kuskure na biyu tausayi ne ya jawo shi. Hunturu ya sauko da ƙarfi ana gab da hutun Kirsimeti, har yara suna zuwa sujadar safe a ƙudundune cikin zane. Muka ce idan mu da muke da bargo muna rawar ɗari, ina ga zomaye? Muka tara buhuna da leda muka rufe ɗakin ta kowane gefe, har da tagar sama. Muka zuba garin katako a ƙarƙashin kejuna don ɗumi. Baba maigadi, wanda shi zai riƙa ba su abinci lokacin hutu, ya tsaya yana kallonmu, sa'an nan ya ce, "Malam, ɗakin nan fa ba ya shan iska." Muka ce, "Baba, ai iskar ce muke gudu." Bai sake magana ba. Shi da bai taɓa zama a aji ba, mu kuwa da takardar kwalejin horon malamai a akwati, wa zai ja da wani?

Bayan mako uku muka dawo. Da muka ɗaga buhun ƙofa, wani zarni ya buge mu har ido ya kawo ruwa. Baba ya ciyar da su da aminci, amma mutum ɗaya da aikin gadi a kansa ba zai iya kwashe garin katakon da ya sha fitsarin zomaye arba'in ba. A ranar muka fara jin atishawa daga kusurwa, ƙarama kamar ta jariri. Yara suka yi ta dariya suna cewa zomaye ma sun kamu da murar hunturu. Mu ma muka yi dariya.

Kwana uku bayan haka yarinyar nan ta same mu a ofishin malamai, rungume da Sarauniya. Ta ce, "Malam, dubi hannuwanta." Gashin cikin ƙafafunta na gaba ya cukurkuɗe ya bushe, ya yi rawaya-rawaya. Muka ce wataƙila abinci ta taka. Ta ce, "A'a Malam, hancinta take gogewa da su." Muka ɗaga kan zomanyar, sai ga farar majina mai kauri a ƙofar hanci, numfashinta kuma yana wani gurnani. Da muka koma ɗakin muka bi su ɗaya ɗaya, muka tarar fiye da goma suna da wannan alama, baƙon namijin kuwa ya fi kowa.

A nan ne muka yi kuskure na uku, wanda ya fi sauran nauyi. Muka aiki yaro kemis ya sayo kafson amfisilin, irin wanda kowa ke sha idan ƙurji ya fito masa, muka farfasa muka zuba a ruwan shan waɗansu ƙanana guda biyar da ke keji ɗaya, da nufin idan ya yi musu aiki mu ba sauran. Atishawar ba ta tsaya ba. A kwana na huɗu suka daina cin abinci, cikinsu ya kumbura, zawo ya tsinke musu. Kafin Lahadi huɗu sun mutu. Sai a sa'an nan muka je wurin shugaban makaranta muka roƙi kuɗin motar likitan dabbobi.

Likitan da ya zo bai fara buɗe jakarsa ba. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Malam, zo ka durƙusa, ka sa hancinka daidai inda hancin zomon nan yake, ka ja numfashi sau uku." Muka durƙusa a gaban ɗalibai kusan ashirin. Ba mu kai na biyu ba tari ya turnuƙe mu. Ya ce, "To, abin da suka shaƙa ke nan dare da rana har mako uku." Sa'an nan ya sa yara suka yaye buhunan nan duka.

Abin da muka koya daga gare shi a ranar, da abin da muka ƙara karantawa daga baya, shi ne muke so mu bar wa waɗanda za su riƙe ƙungiya bayanmu.

Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi. Yadda aka gina maƙogwaronsa bai ba shi damar jan iska ta baki kamar yadda mu muke yi idan mura ta toshe mu ba. Saboda haka abin da yake ƙaramar damuwa ga mutum, ga zomo maganar rai ce. Lafiyayyen zomo a kwance yakan yi numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, zafin jikinsa kuma tsakanin digiri 38.5 ne zuwa 40. Duk ran da ka ga zomo ya miƙa wuya sama ya buɗe baki yana neman iska, to ya kai gargara, kada ka jira gobe.

Kuma abin da muke kira mura a jikinsu ba irin tamu ba ce, wadda takan wuce da kanta cikin mako. Yawanci wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Pasteurella multocida. An sa mata sunan Luwi Fastur, masanin kimiyya na Faransa, wanda ya yi aiki a kanta a 1880 sa'ad da yake binciken kwalarar kaji. Yaran aji ɗaya sun so su mai da shi fasto, amma mun gyara musu. Kashi na biyu na sunan kuwa ma'anarsa mai kashe da yawa. Akwai waɗansu ƙwayoyin da kan kawo irin wannan ciwo, kamar Bordetella, shi ya sa likita yakan ɗebi majinar ya aika ɗakin gwaji don a san wadda ake faɗa da ita. Irin wannan aiki ne ake yi a wurare kamar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, zomo yana iya ɗauke da wannan ƙwaya a hancinsa wata da watanni yana ci yana tsalle, babu wata alama. Tana jiran ranar da jiki zai yi rauni ne: wahalar tafiya, cunkoso, haihuwa, zafi, ƙura, ko kuwa iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin da ya kwana. A cikin hanci akwai waɗansu 'yan siraran gashi da ido ba ya gani, masu share ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa waje. Amoniya takan ƙona su. Idan masu shara suka kwanta, sai cuta ta sami wurin zama. Daga nan atishawa ta watsa ta ga maƙwabta, haka ma kwanon ruwa, da hannun mai ba da abinci, da barbara, da uwa ga 'ya'yanta. Mun tambayi likita ko baƙon namijin ne ya kawo mana. Ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai, amma ko da shi ya kawo iri, mu ne muka yi huɗa muka zuba taki.

Ciwon ba ya tsayawa a hanci. Akwai siririyar hanya tsakanin hanci da ido, ta nan yakan hau, sai ka ga ido yana zubar da farin ruwa har gashin kumatu ya zube. Akwai wata hanyar daga maƙogwaro zuwa cikin kunne, idan ya bi ta nan sai zomo ya karkace kai, ya riƙa juyawa wuri ɗaya. Idan ya gangara huhu, zomo yakan mutu cikin dare ɗaya. Haka muka rasa guda uku a wannan makon. Wani lokaci kuma yakan fito kamar maruru a ƙarƙashin fata, da mugunya mai kauri wadda ba ta tsiyaya da kanta.

Likita ya gargaɗe mu kada mu ɗauka kowace majina wannan ciwo ne. Ya buɗe bakin kowane zomo ya duba, gama haƙoransu 28 ba su daina tsawo har mutuwa, kuma idan ba su samun ciyawa mai tauri da za ta goge su, saiwar haƙoran sama takan tokare hanyar hawaye ta kawo ruwan ido da na hanci. Tsinken ciyawa yakan maƙale a hanci ɗaya. Harawa mai ƙura ko mai fumfuna takan sa atishawa. A watannin Maris da Afrilu zafi kaɗai yakan jiƙa musu hanci su yi ta haki, domin da zarar zafi ya haura digiri 30 sun shiga wahala, sanyin hunturu kuwa da muka ji musu tsoro bai dame su ba muddin iska ba ta bugunsu kai tsaye. Idan kuwa jini ne ke fita ta hanci, manya suna faɗuwa matattu ba jinya, to wannan wata annoba ce dabam, ta ƙwayar bairos mai sa zubar jini, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a 2020. Wannan a sanar da hukumar dabbobi nan da nan.

Da muka nuna masa ragowar kafson, sai ya girgiza kai. Ya ce a cikin zomo akwai wata babbar jakar hanji cike da ƙwayoyi masu amfani, su ne suke narkar masa da ciyawa. Amfisilin da amoksisilin da 'yan'uwansu, idan aka ba zomo ta baki, sukan kashe waɗannan masu amfanin, sai miyagun da suka rage su yi yawa su zuba dafi. Maganin da ke warkar da ɗan mutum ke nan ya kashe ƙananan nan huɗu. Ya faɗi haka a gaban yara, mu kuwa muka amsa a gabansu cewa mu ne muka ba da umarni, yaron da aka aika ba shi da laifi. Cikin shekarun da muka yi muna koyarwa, ba mu taɓa jin aji ya yi tsit kamar ran nan ba.

Sa'an nan aka zo wurin rarrabewa. Waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu guda shida ne, har da baƙon namijin. Likita ya ce jinyarsu wahala ce a gare su, hatsari kuma ga sauran. Aka kashe su, aka binne tare da sauran matattun a rami mai zurfi, ba a ci namansu ba. Guda tara masu alama marar tsanani aka kai su tsohon sito aka fara yi musu magani mai suna enrofuloksasin, bisa ga nauyin kowanne, har mako biyu. Sauran 19 da ba su nuna kome ba aka mai da su ƙarƙashin rumfa, muka wanke kejuna da sabulu, muka bi da ruwan bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, muka shanya a rana kwana uku. Aka raba yara kashi biyu, mai shiga sito ba ya zuwa rumfa.

Sarauniya tana cikin tara ɗin nan. Yarinyar ta riƙa goge mata hanci da tsumma mai ɗumi safe da yamma, tana tura mata ɗanyen ganye a baki, domin an gaya mana zomon da hancinsa ya toshe ba ya jin ƙanshin abinci, kuma idan ya yi awa 12 bai ci ba cikinsa yana iya tsayawa. Majinar ta ɗauke. Amma likita ya riga ya faɗa mana gaskiya, cewa magani yakan kwantar da ciwon ne, sau da yawa ba ya fitar da ƙwayar ɗungum. Shawararsa ita ce kada ko ɗaya cikin taran ya koma cikin garke ko ya yi barbara. A jira kwanakin da magani ke fita daga jiki su cika, sa'an nan a sayar wa masu yanka.

Ran da ƙungiya ta zauna a kan wannan magana, an yi gardama har aka buga ƙararrawar cin abinci ba a tashi ba. Ma'ajin ƙungiya ya ce doka ɗaya ce ga kowa, idan aka bar Sarauniya don tana da mai ƙaunarta, me Gajere ya yi? Yarinyar ta tashi ta ce, "Malam, ban ce a mai da ita cikinsu ba. Na ce kada a yanka ta. Ba ita ta rufe taga ba." Ba mu da amsar da za mu ba ta. A ƙarshe aka yarda cewa za mu saye ta daga ƙungiya da kuɗin aljihunmu a farashin kasuwa, ta zauna ita kaɗai a bayan gidanmu da ke rukunin malamai, kuma duk wanda ya taɓa ta ba zai shiga ɗakin zomaye ba sai ya wanke hannu ya sake riga. Tana nan har yanzu. Idan hunturu ya sauko takan yi atishawa kwana biyu ko uku, kanta kuma ya ɗan karkace hagu.

Hasarar ba ta tsaya ga zomaye ba. Kuɗin da muka samu a wannan shekarar bai isa jarrabawar mutum biyu ba, na ɗaya kaɗai ya cika. Mun sha kunyar zuwa gaban taron malamai mu bayyana dalili. Muna godiya ga abokan aikinmu da iyaye mata na ikilisiya waɗanda suka haɗa ragowar cikin mako ɗaya, har yaron ya zauna jarrabawarsa tare da 'yan ajinsu.

Yanzu akwai allo a ƙofar ɗakin zomaye, yaran da kansu suka rubuta abin da ke kai:

1. Sabon zomo zai zauna shi kaɗai, nesa da sauran, har kwana 30.
2. A tare gefen da iskar hunturu ke bugowa kaɗai, sauran gefe da tagar sama a bar su buɗe.
3. A share ƙarƙashin keji kowace safiya, har lokacin hutu. Mai shara ya durƙusa ya sansana kafin ya tafi.
4. A kakkaɓe harawa a waje kafin a kawo, mai fumfuna a zubar.
5. Kowace Asabar a duba hanci, da ido, da cikin ƙafafun gaba na kowane zomo.
6. Ba mai ba zomo magani sai da izinin likitan dabbobi, ko da malami ne.

Kalmomi huɗun ƙarshe ma'ajin ƙungiya ne ya ƙara su da alli, ya waiwayo ya dube mu ko za mu ce a goge. Muka ce ya bi su da fenti.

Mun kuma je mun sami Baba maigadi a ɗakinsa muka ce, "Baba, ka faɗa mana ba mu ji ba, ka yi haƙuri." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ya wuce. Yanzu dai a sa mini yara biyu lokacin hutu." An sa masa uku, daga cikin 'ya'yan malamai da ke zaune a harabar makaranta.

Daga 19 ɗin nan garke ya sake tashi. Muna gayyatar sababbin ɗalibai su zo su gani ran Laraba bayan an tashi daga aji, iyaye da membobin ikilisiya masu son fara kiwo a gida kuma ƙofa a buɗe take. Wanda ya zo saye za mu nuna masa yadda ake juya ƙafar gaba a duba, ko a wurinmu zai saya ko a kasuwa. Muna yi wa ɗalibai masu fita fatan alheri, musamman yarinyar da ta fara ganin abin da malaminta bai gani ba.

Daga Malamin Aikin Gona, Uban Ƙungiyar Matasa Manoma